Rahoton Ayyukan Shekara: Gwajin Haɗin da ke Cire Ƙarafa Masu Guba da Rini daga Ruwa

'Yan'uwa mambobi,

Kwamitin bincike na ƙungiya ya shafe mafi yawan shekarar da ta shige yana gwada haɗi guda mai sassa uku: gawayin da aka sarrafa, da kitosan wanda ake samu daga ɓawon jatanlande da ƙaguwa, da garin magnatayit. Gawayin yana da ƙananan ramuka barkatai inda rini yake maƙalewa, kitosan yana riƙe ƙarafa irin su dalma da kadmiyam, magnatayit kuwa shi ke sa a iya janye haɗin daga ruwa da maganaɗisu idan ya gama aiki. Mizaninmu shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙayyade miligiram 0.01 na dalma da 0.003 na kadmiyam a kowace litar ruwan sha.

Abin da ya fi cin mana lokaci shi ne tsamin ruwan. Ƙarfen kuromiyam, nau'in da ake kira mai mataki na 6, wanda ya fi sauran nau'o'insa guba, ya fi kamuwa idan pH, wato ma'aunin tsami wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, yana kusa da 2, amma a irin wannan tsami kitosan narkewa yake yi, sai fa an ɗaure shi da wani sinadari tukuna. Ita kuma dalma, da zarar pH ya haura 6 takan fara kwantawa da kanta, har mai gwaji ya yaba wa haɗin aikin da ba shi ya yi ba. Wannan ya sa muka maimaita gwaje-gwaje da dama, kuma a ganinmu maimaitawar ta cancanci wahalarta.

Shuɗin metilin, wani nau'in rini, ya fita cikin sauƙi daga ruwan da muka haɗa a ɗakin gwaji. Da muka koma kan ruwan da masana'antar rini ke zubarwa, sai ƙarfin haɗin ya ragu, domin gishiri da kalsiyam suna rige-rigen cike gurbin da aka tanadar wa guba. Muna roƙon kada wani mamba ya ba da sakamakon ruwan ɗakin gwaji tamkar na ruwan masana'anta ne.

An kuma horar da sababbin mambobi kan ɗibar samfurin ruwa da adana shi.

Aikin da ke gabanmu ya shafi haɗin da ya riga ya ƙoshi da ƙarfe, domin idan aka jefar da shi a juji, dalmar za ta sake komawa ƙasa da ruwa. Kwamiti ya ba da shawarar a keɓe shekara mai zuwa ga wanke haɗin da asid mai rauni, da ƙidaya sau nawa za a iya sake amfani da shi kafin ya gaza, kuma za a kawo wannan shawara gaban babban taro domin neman amincewarku.