Sanarwa: kankare tsohuwar kwalta kafin a shimfiɗa sabuwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga masu shirin gyaran harabar gida ko filin ajiye motoci, a kula da waɗannan.

Kafin a ɗauko injin kankara, a duba irin tsagewar da kwaltar ta yi. In ta farfashe kamar bayan kada, ko tana lotsawa idan mota ta taka, ciwon yana ƙasa ne. Sai an haƙe wurin, an sake zuba tsakuwa an daddale, in ba haka ba tsagar za ta sake fitowa a kan sabuwar. Haka ma inda man inji ko gas ya daɗe yana ɗiga, ya riga ya narkar da kwaltar, a yanke shi gaba ɗaya.

In saman ne kawai ya ci, kankare zurfin santimita 4 zuwa 5 ya isa. Kada a bar siririn ɓawo na tsohuwar shimfiɗa, ɓamɓarewa yake yi. A sa alama a kan murafan kwalbati tun da wuri, don suna karya haƙoran injin. Gangara kuwa, santimita 2 a kowace mita, ta nufi magudana.

Bayan kankara a share, a hure ƙura da iska. Nan ne wasu leburori ke yin ha'inci, kuma ƙurar ce ke hana sabuwa kamawa. Sai a fesa ruwan kwalta, wato mai manne sabuwar shimfiɗa da tsohuwar, kamar rabin lita a murabba'in mita, a jira ya juya baƙi. Kada a shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen wuri, kuma rola ta bi tun kwaltar na da zafi.