Sanarwa Kan Sauya Amfanin Filaye a Unguwarmu

Assalamu alaikum, iyayenmu da ƴan uwa.

Tun da aikin sabunta birnin Kaduna ya kankama a 2019, filayen bakin titi suka yi daraja, ana ta mayar da gidajen zama shaguna, gidajen mai da wuraren biki. Ku sani, takardar mallaka daga KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, tana fayyace abin da aka ba da fili dominsa. Sauya shi sai da izini, kuma gini sai da amincewar KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar.

Idan kun ga an fara haƙa tushe, ku nemi ganin takardar izinin cikin mutunci. In babu, a ɗauki hoto, a rubuta takardar ƙorafi mai ɗauke da lambar fili da sunan layi, maƙwabta su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. A kai kwafi biyu ofishin KASUPDA, a karɓo ɗaya da hatimin shaidar karɓa. Ƙorafin baki ba ya shiga fayil.

Kada a bari sai an zuba dakin (rufin kankare), lokacin gyara ya yi tsada. A fi sa ido kan magudanar ruwa: wanda ya ci kwata da katanga, gidajen ƙasa da shi ruwa zai ci a watan Agusta.

Don Allah a isar wa dattawan da ba sa WhatsApp.