Kafin a sake kwance injin, a wanke shi tukuna

Assalamu alaikum malam edita, ina gaida ku da aiki. Na rubuto ne daga Tahoua kan wani abu da ya same ni, kuma na san ba ni kaɗai yake samu ba.

Ina da tsohuwar Peugeot 504 da na gada wajen mahaifina, Allah shi jiƙan shi, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Bara na tara kuɗi aka kwance injin gaba ɗaya, aka sa sabbin sagman (zobban fistan) da kusine (ƙarafan da sandar injin ke juyawa bisansu) da juwan kulas (shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin kan injin da jikinshi), na ce to alhamdulillahi mota ta dawo. Ko sati biyu ba a yi ba sai na fara ganin baƙin mai ƙasan ta kullum da safe, ɗigo uku huɗu bisa rairayi, da na je Konni na dawo kuwa sai da na ƙara kusan lita guda.

Na koma garaji, yaron ko durƙusawa bai yi da kyau ba ya leƙa ya ce Alhaji yoyon ta bayan bilbirkan ne (babbar sandar injin mai juyawa), sai an sauke buwat (akwatin giya). Wato aikin kwana biyu da wasu jakkunan kuɗi kuma. Raina bai kwanta ba wallahi.

Wani dattijon makaniki abokin mahaifina shi ya cece ni. Ya ce ɗana, mai ba ya hawa sama, gangarowa yake, kuma in kana tahiya iskar fanka da ta hanya na tura shi baya, shi ya sa kowane yoyo yake ƙarewa gindin buwat, inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne ciwon ba. Ya sa aka wanke injin tas da gazuwal da omo, aka bari ya bushe, ya barbaɗa hodar jarirai kewayen murfin kulas da filta da ɗan manokontak na mai (mai kunna fitilar mai) da bakin kartar (kaskon mai na ƙasan injin), sannan aka tada mota ta yi zahi kamar minti 20. Muna tsaye sai ga layi baƙi cikin farar hoda, can sama, daga kusurwar murfin kulas ta baya. Injin 504 dama a karkace yake zaune, mai ya bi gehe guda yana sauka har ƙasa.

Amma dattijon bai tsaya nan ba, nan ne ma ya burge ni. Ya ce mi ya sa sabon juwan murfin zai yi yoyo? Ya cire tiyon da injin ke numfashi ta cikin shi, ashe ya toshe da tsohon datti, ba a wanke shi ba lokacin aiki. Sabbin sagman kafin su zauna hayaƙi kan ɗan wuce zuwa kartar, in bai samu hanyar fita ba sai ya matsa ma mai ya fito ta duk inda ke da rauni. Ga shi kuma an ɗaure murfin da ƙarhi har bakin shi ya ɗan lanƙwashe, an cika silikon a kai, wanda in ya gutsure ya faɗa ciki yana iya toshe rariyar famfon mai, wannan kuwa ya hi yoyon hatsari nesa.

An wanke tiyo, an miƙe bakin murfi, an sa juwan sabo. Buwat ba a taɓa ta ba.

Roƙona ga iyayen gidan garaji, don Allah ku koya ma yaranku wanga bincike kafin su ɗauki kile su fara kwancewa, don mai tsohuwar mota yawanci ba mai kuɗi ba ne, kaya ma sai an aika Yamai ko Kano. Ku kuma malam edita in da hali ku buɗe ɗan fili da tsofaffin makanikai za su riƙa bayani da Hausa, da yawansu sun tsufa. Ni dai har yanzu kwali nake shimfiɗawa ƙasan motar kowane dare, wata uku kenan ina ɗaukar shi a bushe.

Naku mai karatu, daga Tahoua