Rahoton Ayyukan Shekara: Horar da Masu Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Wuraren da Aka Bari a Baya

'Yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka damƙa masa.

Ƙungiyar nan ta ɗaliban digiri na biyu da na uku ce, tare da malamansu da tsofaffin ɗalibai, masu koyon yi wa mutane magani ta hanyar zantawa, waɗanda suka ƙudurta yin aiki inda ba a samun masu yi: ƙauyuka masu nisa, unguwannin marasa galihu, sansanonin 'yan gudun hijira da gidajen yari. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cewa a ƙasashe matalauta ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai 2 ba ga kowane mutum 100,000, alhali a ƙasashe masu arziki sun haura 60. Wannan giɓin ne ya haɗa mu.

Mafi yawan ƙarfinmu bana ya tafi ga zaman bitar aiki, kuma ba mu yi da-na-sani ba. Mun daɗe muna ganin abu ɗaya yana maimaituwa. Ɗalibi zai gama karatu da zummar aiki, a tura shi wurin da shi kaɗai ne, kullum yana sauraren labarin fyaɗe, rashin 'ya'ya, kisan da aka yi a gaban idon mutum, babu wani babba da zai ce masa "nan ka yi daidai, nan ka gyara". Kafin a ankara ya gaji, ya nemi canjin wuri. Takardar shaida ba ta ɗauke masa wannan nauyin. Don haka muka haɗa sababbin ma'aikata rukuni-rukuni, kowane rukuni da gogaggen ma'aikaci guda, suna haɗuwa mako-mako ta waya ko ta bidiyo, a tattauna matsalolin da suka gagara ba tare da an ambaci sunan kowa ba.

A zaman muna amfani da ma'aunin EQUIP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022: wani ya zama mai neman taimako, ɗalibi ya zanta da shi, a auna yadda yake saurare, yadda yake bayanin rufe sirri, da yadda yake tambaya. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda ƙwararrun ɗalibai, masu sakamako mai kyau, suke kewaye-kewaye idan aka zo tambayar ko mutum yana tunanin kashe kansa. Kunya ce da tsoro. Amma tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, kuma rashin yin ta na iya jawo asarar rai. Mun yi ta maimaita atisayen har bakuna suka saba.

Na biyu, mun zauna da shugabannin sassa a jami'o'i kan manhaja. Hujjarmu ita ce, wanda zai yi aiki a wurin da babu wani ma'aikaci sai shi ba zai iya ganin kowa da kowa ba, dole ya iya koyar da wasu kuma ya riƙa duba aikinsu. Duniya ta riga ta gwada wannan. Shirin mhGAP na 2008, wato shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na faɗaɗa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a kan haka aka gina shi. A Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zantawa da masu damuwa a kan benci a harabar asibitoci, kuma sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna an samu sauƙi. A Pakistan, ma'aikatan lafiya mata na ƙauye ne suka taimaki masu ciki da masu jego da ke fama da ciwon damuwa. Wani sashe na jami'a ya amince zai saka darasin koyar da wasu da duba aikinsu a manhajarsa. Wani har yau shiru, za mu sake komawa.

Mun kuma fara tattara kalmomin da mutane ke bayyana ciwonsu da su. Da wuya wani ya zo ya ce yana da ciwon damuwa. Zai ce kansa yana zafi, barci ya ƙaurace masa, ko tunani ya yi masa yawa, kamar yadda 'yan ƙabilar Shona na Zimbabwe ke cewa kufungisisa. Wanda bai san wannan ba zai sallami mutum da maganin ciwon kai.

Tallafin karatu kuwa bai kai yadda muka so ba, domin kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba. Ma'aji zai kawo cikakken lissafi. Abin da aka samu mun fifita ɗaliban da suka fito daga yankunan karkara da aka bari a baya, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2010 cewa su suka fi komawa su zauna.

Akwai alkawarin da ba mu cika ba: bibiyar tsofaffin ɗalibanmu don sanin wa ke bakin aiki, wa ya bari, kuma me ya sa. Shi ne aikin farko a shekara mai zuwa. Rukunonin bita kuma sun fi masu jagorantar su yawa, don haka duk gogaggen mamba da zai iya ba da awa ɗaya a mako ya ba sakatare sunansa kafin babban taro.

A madadin kwamitin zartarwa.