Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da na'urar auna zurfin ruwa

Zuwa ga Manajan Sashen Kula da Masu Saye,

Yallaɓai, bayan gaisuwa, na fito da maganar nan fili ne saboda duk saƙon da na aiko muku amsa ɗaya yake samu, kuma ba ta taɓa abin da na tambaya.

A jikin kwalin na'urarku kun rubuta cewa kanta, wato ɓangaren da ke aika sauti cikin ruwa, wanda ake mannawa daga cikin jirgin ruwa ba sai an huda ba, ya dace da kowane jirgin faiba. Ba haka ba ne, kuma injiniyoyinku sun fi ni sani. Na'urar sauti take aikawa ƙasan ruwa, ta jira amsa-kuwwarsa, ta lissafa zurfi daga lokacin da ya ɗauka, tunda sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku. Faiba zalla yana barin sautin ya wuce. Amma da yawa daga cikin jirage masu filafili, wato masu tafiya da ƙarfin iska, har da nawa, jikinsu faiba ne ciki da waje, da katakon balsa ko soso a tsakiya. Wannan tsakiyar cike take da iska, iska kuwa kashe sautin take yi. Shi ya sa allona ko dai ya tsaya babu lamba, ko ya riƙa tsalle daga mita 2 zuwa 30 alhali jirgin na ɗaure wuri ɗaya.

Takardar bayaninku ta ce a manna kan da gam ɗin epoksi, na manna. Yanzu kun ce ba ku karɓar kayan da ya taɓa gam. To wa ya ce a sa gam ɗin? Makanikin jirage da ya duba mini ya nuna min gwajin da kowa a sana'ar ya sani: a sa kan cikin leda mai ruwa, a danna shi a jikin jirgin, a ga ko lamba za ta fito kafin a manna. Layi biyu sun isa a rubuta wannan. Ba ku rubuta ba.

Hotunan takardar ma duk na kwalekwale mai inji ne. Jirgin filafili a karkace yake tafiya idan iska ta cika shi, wani lokaci digiri 15 ko 20, kuma sautin da na'urar ke harbawa siriri ne, in kan ya karkata sai ya harba gefe. Ba ku ce a dasa shi kusa da tsakiyar jirgi ba, gaba da ƙarfen nan mai nauyi da ke ƙarƙashin ciki yana hana shi kifewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarfen nan kansa. Na'urar daga wurin da aka dasa kan take fara ƙirga zurfi, shi kuwa ƙarfen ya kan sauka fiye da mita ɗaya ƙasa da nan. Wurin saita wannan bambanci yana cikin na'urar, a ɓoye can ciki, takardar ba ta ambace shi ba. Wanda bai sani ba zai ga mita ɗaya da rabi a allo, hankalinsa kwance, har ya ji ƙasan jirginsa ta daki dutse.

Buƙatata a fili take. Ku karɓi wannan kan, ku ba ni irin wanda ake huda jiki a dasa. Kuɗin fitar da jirgin kan tudu ni zan biya, ban nemi ku ɗauka ba. Sannan ku gyara rubutun kwalin: ku faɗa ƙarara cewa na mannawa ba ya aiki a jiki mai balsa ko soso, ko na katako. Ku ƙara da cewa kan da ake huda jiki a dasa, mai gidan roba, ba na jirgin katako ba ne, don katako na kumbura ya fasa shi, mai gidan tagulla kuma yana cin jikin alminiyam.

Ina jiran amsa daga wanda ya karanta wasiƙar nan har ƙarshe.

Naku,
Mai jirgin filafili, ɗaya daga masu sayen kayanku