Jamhuriya Daban, Dimokuraɗiyya Daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini don in warware wani ruɗani da ke yawan fitowa daga bakin 'yan siyasa da masu sharhi, wato ɗaukar jamhuriya da dimokuraɗiyya abu guda.

Abin da ake dubawa a jamhuriya shi ne kujerar shugaban ƙasa: in ba gadonta ake yi ba, to ƙasar jamhuriya ce, shi ke nan. Dimokuraɗiyya kuwa sai an tambaya ko talaka zai iya sauke mai mulki da ƙuri'arsa.

Daga 1960 zuwa 1963 Sarauniya Elizabeth ce shugabar ƙasar Najeriya, Azikiwe yana wakiltarta a matsayin gwamna-janar tun daga Nuwamban 1960, amma akwai zaɓe, akwai jam'iyyun NPC da NCNC a gwamnati, jam'iyyar Action Group tana adawa. Ranar 1 ga Oktoba 1963 aka zama jamhuriya. Me ya canja wa mai ƙuri'a? Kusan babu. Azikiwe ya koma shugaban ƙasa ba tare da talaka ya jefa masa ƙuri'a ba, iko kuma yana nan hannun Firaminista Tafawa Ɓalewa. Matan Arewa ma ba su da ƙuri'a har sojoji suka kifar da wannan jamhuriyar a 1966. A zamanin Abacha, 1993 zuwa 1998, sunan jamhuriya bai goge daga takardun gwamnati ba, alhali babu zaɓaɓɓen shugaba.

Haka Nijar. An ayyana jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, a 1959 aka haramta jam'iyyar adawa ta Sawaba, Diori Hamani ya yi mulki da jam'iyya ɗaya har juyin mulkin 1974. Birtaniya da Japan kuwa sarauta gare su, amma firaminista yana faɗuwa in majalisa ko masu zaɓe suka juya masa baya.

Masu cewa Amurka jamhuriya ce ba dimokuraɗiyya ba, sukan kafa hujja da 2016, lokacin da Hillary Clinton ta fi Trump yawan ƙuri'u amma ta sha kaye, don wakilan zaɓe 538 ne ke yanke hukunci, ana neman 270. A ganina hujjar ba ta tsaya ba. Wannan takunkumi ne da tsarin mulki ya sa wa rinjaye, kuma mu ma muna da irinsa. Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya ce yawan ƙuri'u kaɗai bai isa ba, sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, don kada yanki guda ya naɗa wa sauran shugaba. Kan lissafin irin wannan sharaɗi ne Awolowo ya kai Shagari Kotun Ƙoli a 1979, lokacin jihohi 19 ne, ba sa rabuwa uku daidai.

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya