A dawo mana da zango a bakin hanya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a bani dan fili a jaridar nan tamu in amayar da wani abu da ya dade yana cina a rai. Ni tsohon direba ne, shekara 26 nayi ina jan babbar mota, yawanci lodin shanu daga kasuwar Maigatari zuwa kudu, yanzu gwiwa da ido sun ce a huta, na dawo kauyenmu a nan kasar Gumel ina dan noman gero da ridi.

Abinda ya tado maganar shine dan kanina da yake karatu a birnin Adelaide ta kasar Ostireliya yazo hutu kwanakin baya, muna zaune a kofar gida bayan isha'i sai ya dauko waya yana nuna mana hotunan wata tafiya da sukayi shi da abokansa cikin jejin kasar, wanda su can suke kira Outback. Yara suna ta kallon dabbar nan mai tsalle da danta a aljihu, ni kuwa idona na kan titi da inda suka kwana, don abinda na sani kenan. Nace masa dana, a nan wa kuka biya? Yace Baffa ko sisi bamu biya ba, wuri ne aka ware musamman don matafiyi ya tsaya ya kwana kyauta. Na sake tambaya, yace wallahi kyauta. Tun daren nan maganar bata bar kaina ba.

Bari in dan bayyana wa masu karatu yadda abin yake kamar yadda ya fada min kuma na gani a hoto. Kasar ta ninka Najeriya wajen sau takwas a fadi amma mutanenta basu kai miliyan 30 ba, kuma kusan dukkansu a bakin teku suke zaune, tsakiyar kasar jeji ne fetal, jar kasa da kananan itatuwa, kayi ta tafiya awa biyu awa uku baka ga bukka ba. Akwai titi daya da ake kira Stuart, ya tashi daga Port Augusta a kudu ya ratsa ta Alice Springs har Darwin a arewa, sama da kilomita 2,700. A wani titin kuma na kudancin kasar, a filin Nullarbor, akwai wurin da zakayi kilomita 146 sitiyari a mike ba kwana ko daya. Wanda bai taba tuki ba zai ce ai wannan dadi ne, amma duk direba ya san irin wannan hanyar ita ke kawo gyangyadi, hanya mai kwana tana tashinka, mikakkiya kuwa lallashinka takeyi har ta kwantar da kai. Motocin shanunsu ma na gani, kai daya yana jan bodi uku, tsawonta ya wuce mita 50, na dade ina kallon hoton nan ina tunanin yadda mutum zai ci kwana da ita.

To a wannan jejin ne tsofaffinsu suke yawo. Mutum yayi ritaya, shi da matarsa sai su sayi wani gida mai taya da ake daurawa a bayan mota a ja, a ciki akwai gado da risho na gas da dan firij da tankin ruwa har da bandaki, sola a saman rufi tana cajin batir. Wasu ma gidansu na gari suke sayarwa ko su zuba 'yan haya su hau titi gaba daya. Sanyinsu yana zuwa ne wajen watan Yuni da Yuli lokacin da mu muke tsakiyar damina, sai su gudu arewa inda ake dumi, in zafi ya taso su juyo kudu, kamar dai cin rani sai dai su ba neman kudi ya fitar dasu ba. Akwai titin da ya zagaye kasar duka, wajen kilomita 14,500, wasu sai suyi shekara guda cur suna zagayawa. Har suna aka sa musu, ma'anarsa dai makiyaya masu furfura.

Ni ba gidan mai taya ne ya dameni ba, wannan sha'anin masu hali ne, kuma yaron yace ba kowa ne ma yake ciki don nishadi ba, akwai wanda tsadar haya ce ta koro shi. Wurin kwanan ne ya tsaya min. Fili ne kawai a gefen titi an zuba tsakuwa, da 'yar rumfa da tebur, da masai, wani wurin da tankin ruwa, sai allo an rubuta awa 24 ko awa 48 zaka iya yi sannan ka kara gaba. Shikenan. Kananan garuruwan kan hanya da yawa su da kansu suke ware filin, har su tanadi ramin da masu gidajen zasu juye kazantar bandakinsu, saboda sun gane wanda ya kwana a garinka da safe sai ya sha mai, ya sayi burodi, ya nemi mai faci, kudin da bai biya na kwana ba zai barshi a kasuwa. Ba wai babu rigima ba, masu wuraren kwana na kudi suna korafin ana kashe musu kasuwa, wasu matafiyan kuma kazamai ne su bar shara su tafi har a rufe wurin saboda su, kuma in ka kwana inda aka hana tara zaka biya. Sannan akwai yankunan 'yan asalin kasar, bakaken da Turawa suka tarar suka kwace musu kasa, wadannan sai da takardar izini ake shiga da yawa daga cikinsu, kuma daidai ne hakan.

Malam Edita, da yaron ya gaya min kalmar da Turawa suke kiran wannan gidan mai taya da ita, karaban, yace ai ita ce dai kalmarsu ta ayari, sai naji jikina yayi sanyi. Ashe abinda nake ta mamaki zango ne. Zango dai namu na iyaye da kakanni.

Kakana bafatake ne, da jakuna yake tafiya, kuma tun muna yara muke jin labarin ayarin goro da suke zuwa har Gwanja, madugu a gaba, tafiyar watanni. Me ya sa suka iya? Saboda duk inda rana zata fadi akwai zango, akwai rijiya, akwai sarkin zango da ya san wanda ya sauka da wanda ya tashi, matan gari su kawo fura da tuwo da dawo su sayar, a sayi kara da harawa a ba dabbobi. Ka duba sunayen garuruwa mana, Zangon Daura, Zangon Kataf, unguwar Zango a cikin Kano, har Kumasi da Ankara ta kasar Gana unguwar Hausawa Zango ake ce mata. A kauyenmu ni da idona na ga namu, karkashin wasu tsamiyoyi ne gabas da gari kusa da tsohuwar rijiya, da kaka in an gama girbi Buzaye suke sauka da rakuma, su kawo gishiri da kanwa da dabino su koma da gero. Mahaifiyata Allah ya jikanta takan aike ni da kwaryar fura wurinsu, kuma bata taba yarda in karbi kudin kwaryar farko ba, tace bakonka Annabinka. Yau in kaje wurin gonaki ne da fulotai, tsamiya daya ta rage, rijiyar an cike ta. Ba wanda ya zauna yace a kashe zango, kowa dai ya dan matsa kunya daya kunya biyu har ya kare, yadda burtali ma yake karewa a idonmu, sai fada ya tashi tsakanin manomi da makiyayi sannan a fara tambayar ina labin ya shiga. Su can Ostireliya har yanzu jihohi irin su Queensland suna rike da burtalolinsu a rubuce a taswira, akwai ma wani tsohon burtali mai suna Canning a yammacin kasar, wajen kilomita 1,850, da aka jera masa rijiyoyi 51 tun farkon karnin da ya wuce don shanu su sha.

Wani abin da ya kara taba ni, ashe wadanda suka bude wannan jejin da rakuma Musulmi ne yawancinsu. Tun wajen 1860 aka rika kawo su daga Afganistan da yankin da yanzu yake Pakistan da Indiya, su suka rika kai abinci da kaya garuruwan da doki baya iya kaiwa, har sukayi masallacin kasa a wani dan gari Marree, na Broken Hill kuma yana nan tsaye har yau. Da mota da jirgin kasa suka zo aikinsu ya mutu sai aka saki rakuman a daji, shi yasa yanzu suke da rakuman jeji dubbai barkatai, jirgin kasan da yake tashi daga Adelaide zuwa Darwin ma sunansu aka sa masa, Ghan, wato Afghan a takaice. Fatake ne irin kakana, Allah ya jikansu da rahama.

Yanzu bari in fada maka yadda matafiyi yake kwana a hanyarmu. Ka dauko shanu ranar Alhamis da yamma daga Maigatari, ka bi Gumel ka shiga Kano, Zariya, Kaduna, ka gangara Mokwa ka haye gadar Jebba, Ilori, Badun har Legas, dabba a tsaye a bayanka ga zafi ga kishirwa, in wata ta kwanta sauran su tattake ta, masu kaya suna saman bodi a kan katako iska na dukansu. Barci ya kama ka karfe biyun dare, ina zaka tsaya? In ka tsaya a daji barayi, in ka tsaya a cikin gari wasu su taso da sanda da rasit wai kudin fakin, kudin kasa, kudin kaza, ba ruwan alwala ba makewayi. Sai ka raba motar a kafadar titi rabinta a kan kwalta, yaron mota ya karyo ganye ya jera a baya, ku shimfida tabarma a karkashi. A haka na rasa wani yaro da yake bina, bai fi shekara 19 ba, mun tsaya a gefen hanya don na kasa bude ido, wata motar ta taho da gudu direbanta shima barcin yakeyi ta daki bayan tamu, yaron yana kwance kusa da taya. Ni na kai gawarsa gida na tsaya gaban mahaifinsa. Shekara 14 kenan kuma har yau in na rufe ido ina ganin wurin, da akwai fili ko na taku hamsin daga bakin kwalta da zan shiga, da Allah ne masani amma da ba a nan muka kwanta ba.

Kuma ba direbobi kadai ba. Mata da suke dogon zama a mota ba inda zasu kewaya sai bayan shago ko gonar mutane, 'yan cin rani, masu zuwa kasuwar Wudil tun daren Alhamis don su riski Juma'a, masu rakiyar mara lafiya zuwa asibitin birni da dare yayi musu a hanya, duk a barandar shagunan mutane suke kwana. Alhali matafiyi yana cikin mutum takwas da Allah ya ambata a rabon zakka a Suratut Tauba.

Rokona ga shugabannin kananan hukumomi na Jigawa da Kano, da hakimai da dagatai, da kungiyoyin direbobi, da masu hannu da shuni da suke neman sadaka mai gudana, ba wani babban aiki bane na biliyoyi. Fili kadada daya a wajen gari dan nesa da kwalta, a zuba marmara don kada mota ta kafe da damina, rijiyar burtsatse mai sola da kwamin shayar da dabbobi, makewayi na maza daban na mata daban, rumfar sallah, fitila hudu ko biyar. A ce kwana biyu ne iyaka don kada wani ya mayar da wurin gareji ko gidansa. Mai shayi da mai kosai da mai faci su da kansu zasu zo, ba sai an kira su ba, kuma 'ya'yan garin ne zasu ci. Abu daya nake jin tsoro kuma ina rokon a rubuta shi baro baro a allo, kada a yanki tikiti. Ranar da aka fara karbar ko naira dari ce to an kashe abin, direba zai koma kafadar titi, na san halinmu don ni ma nayi.

Na san wani zai ce Alhaji ka manta da matsalar tsaro, su can ba masu garkuwa da mutane, in ka bude wuri kowa ya kwana ai ka bude wa miyagu. Maganar tana da nauyi ban raina ta ba. Amma bakon nan ko da zango ko babu yana kwana a garinka, sai dai yanzu a duhu yake kwana ba wanda ya san da shi. Gara a tara shi wuri daya mai haske, a nada sarkin zango kamar da, dattijo dan gari mai littafi yana rubuta lambar mota da inda ta fito, 'yan sintiri biyu suna zagayawa, dagaci ya san komai kafin gari ya waye. Kuma alhamdulillah yankinmu na nan da sauran zaman lafiya, a nan ya kamata a gwada tun kafin a ce ina ma.

Ina da 'yar gona da na gada a bakin titin da ya wuce ta gefen kauyenmu, na tara 'ya'yana mun yi magana kuma sun amince, na gaya wa mai garinmu ma. In akwai hukuma ko wani bawan Allah da zai haka rijiya ya gina makewayi, na bada rabinta, a rubuta takarda a gaban shaidu cewa ta matafiya ce ba a sayarwa ba a gado. Lambata tana wurinka Malam Edita, duk wanda ya tambaya da gaske a bashi.

Na gode, Allah ya kara daukaka.

Naka,
Tsohon direba, daga kasar Gumel, Jihar Jigawa